Ɗanyen Kaya da Jakin da Na Hana

Abin da ya tono mini wannan tsohon zance ba wani babban abu ba ne. Jikana ne, wanda rumfata ta kasuwar Gwandu ke hannunsa yanzu, aka sauke masa kifi daga mota da azahar. Na leƙa na ga ɗanye ne, na ga kuma rana ta fara karkata, sai na ce masa, "Ka san dai wannan ɗanyen kaya ne. Duk wanda ya taya, ka sallama." Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Tsoho, kai har yau kana zamanin jakai. Ai akwai ƙanƙara." Ya buɗe wani farin akwati ya juye kifin, ya rufe, ya koma kan wayarsa. Na koma na zauna. Amma a ranar na gane cewa kalmar da ta riƙa tashinmu tun assalatu, ta hana mu cin tuwo a zaune, yanzu ba ta tsorata kowa. Kalma kuwa idan ta daina ba da tsoro ta kama hanyar kushewa. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da take nufi a bakin waɗanda suka san ta, da kuma abin da ta ci mini.

A wurinmu 'yan kasuwa kaya iri biyu ne. Akwai busasshe, kamar gero da gishiri da kanwa da kifin banda. Wannan kai kake mulkinsa, idan kasuwa ba ta yi ba ka ɗaure abinka ka koma gida, wani mako ka dawo. Akwai kuma ɗanyen kaya, wanda shi ke mulkinka: kifin da aka fitar daga ruwa yanzu, nonon da Bafulatana ta ɗauko, naman da mahauci ya feɗe, ganyen miya. Ba rashin dahuwa ake nufi ba, don gero ma ba dafaffe ba ne amma ba mai kiransa haka. Ana nufin abin da kwanansa ɗaya ne a duniya, wanda kyansa da lalacewarsa ke tafe a kwando ɗaya. Mai ɗanyen kaya ba da mai saye yake ciniki ba, da rana yake yi. Da safe shi ke yanka farashi, da azahar mai saye ke yankawa, da la'asar sai abin da ƙuda ya ce. Albasa ce kawai munafuka a tsakani, ta nuna maka busasshiyar riga alhali cikinta ya fara ruwa, kuma ta karya mutane da yawa a ƙasarmu.

Daga bakin kakata, wadda ta haifi innata, na fara jin kalmar. Ita a Kalgo take, gidan masunta. Innata aka aurar Gwandu, can aka haife ni, kuma mahaifina ya rasu bai bar mini ko akuya ba. Duk rani ana tura ni wurin Kaka. Har yanzu idan na rufe ido ina jin safiyar garin: ƙarar gora tana bugun ruwa, masu jan koma suna kiran juna daga nesa, wuƙaƙen mata suna kankare ɓawon ƙarfasa, shirwa na shawagi a kan mahauta. Aikinmu shi ne ɗebo itace da ƙaiƙayi, mu jera tarwaɗa a kan murhun banda bayan an lanƙwasa ta an soke wutsiya a baki, mu zauna muna juyawa hayaƙi na cin idanunmu. Kaka ba ta son wuta mai harshe. Takan ce, "Banda haƙuri ce. Wanda ya ƙosa, gasawa ya yi, jibi ya zubar." Ita kuma ba kifi kaɗai take kira ɗanyen kaya ba. Idan ta ga saurayi na tinƙaho da ƙirji, sai ta ce ɗanyen kaya ne. Yabon maroƙi, fara'ar mai sarauta, sanyin safiyar bazara, duk haka take ce musu. Ba raini take nufi ba. Nufinta, abin da daɗi, amma a ci shi yau, kada a ɗaure shi a taiki a ce za a same shi gobe. Yaran yanzu idan abu ya ƙare sai su ce an cuce su. Mu an gaya mana tun farko wanne ne zai ƙare.

A gidan akwai ɗan kawuna, taubashina, wanda shekara ɗaya aka haife mu. Wanda bai san taubasantaka ba sai ya ɗauka gaba muke yi. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, don haka a cewarsa ni bawansa ne, kuma saboda ina da nawa wurin tafiya da wurin magana ya laƙaba mini Kunkuru. Ni kuma ina ce masa Sarkin Hayaniya. A gaban manya zai ƙwace mini hula, ya ce bawa ba ya sa hula, ni kuma in cinye masa fura in ce ladan bauta ne. Ba mai tsawatawa, don hakkinmu ne. Zan faɗi gaskiya tunda shekaruna sun wuce na ɓoye-ɓoye: ina son sa, kuma ina ƙyashinsa, su biyun a zuciya ɗaya suke kwana. Komai nawa sai na sha wuya, shi kuwa abu zuwa yake yi ya same shi. Ni na fi shi iya banda, na fi shi sanin kifin da zai kai wata uku da wanda ƙwaro zai shiga. Amma idan ya shigo gida Kaka sai ta washe baki, ni idan na shigo sai ta tambaye ni ko na rufe murhu.

Da muka zama samari, a 'yan shekarun nan kafin Turawa su naɗe tabarmarsu, ni na riga na haɗa jakai uku da gumina, ina ɗaukar banda daga Kalgo zuwa Gwandu, tafiyar yini biyu. Shi kuwa ya tafi cin rani Kurmi, ya dawo ba riga ba wando na kirki, sai keke. Baƙin keke mai ƙararrawa. Kowa ya ce ya yi wauta, ni ne kan gaba wurin faɗa. Ashe da dabararsa. Sai ya riƙa karɓar kifi daga masu kwanan ruwa tun da jijjifi, ya shimfiɗa jiƙaƙƙiyar ciyawa a garwa biyu, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ya ɗaure a bayan keken, ya taka. Kafin rana ta take tsaka yana Gwandu. Mutanen da ba su taɓa cin ɗanyen kifin gulbi a ƙofar gidansu ba suka fara ci. Ƙararrawar nan tun daga bakin gari ake jin ta, yara su bi shi a guje, mata su aiko da kwanoni daga cikin gidaje, malamai a zaure su ɗaga kai daga littafi su yi murmushi. Kafin ya sha ruwa ya sayar. Ni kuwa in iso da ƙura har gira, in zauna a rumfa yini guda, wanda ya tsaya ma sai ya ce, "Ina taubashinka, yau bai shigo ba?" Innata da ta haife ni, idan ta dama fura sai ta raba biyu ta rufe rabi, ta ce na ɗan yayanta ne. Na san ribata ta fi tasa tsayawa a hannu, don shi abin da ya samu a ranar yake ƙarewa, rabi ma kyauta. Sanin hakan bai taɓa sanyaya mini rai ba. Ba kuɗinsa nake ƙyashi ba, ƙararrawar nake ƙyashi.

A hanyoyin wancan zamani akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ba, amma kowane falke ya san ta kamar sunansa: mai busasshen kaya shi ke kauce wa mai ɗanye. A mashigi shi ake fara ƙetarwa. A rijiya shi ke fara ja. Idan kuwa ka same shi ya maƙale a hanya, dabbarsa ta faɗi ko wani abu ya same shi, to sai ka sauke wa dabbarka ɗaya kaya ka ba shi, ko da ba ka taɓa ganinsa ba, kai ka zauna gadin naka har a dawo maka da ita. Dalilin a fili yake, naka zai jira, nasa ba zai jira ba. Ba alƙali ke tilasta wannan ba, kunya ce. Yanzu mota na wuce mota a kan kwalta, mai kaya na ɗaga hannu, ba mai ko rage gudu, kuma ba wanda zai ce an yi abin kunya. A lokacinmu labarin sai ya riga ka isa kasuwa.

Wata bazara, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, wani babban gida a Gwandu za su yi walimar saukar karatun ɗansu da la'asar. Suka ce ɗanyen kifi suke so, taubashina ya ɗauki alkawari, duk gari ya ji. Ni na baro Kalgo tun jiya, na kwana a wani ƙauye, da hantsi ina kaɗa jakaina a wani fako kafin Malisa, sai na hango mutum zaune a gindin aduwa. Shi ne. Keken ya faɗa wani rami da yashi ya rufe, ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar tarwaɗar banda, ko turawa ba ta yi. Gwiwarsa ta fashe, ya ɗaure da rawaninsa. A inuwa ga garwa biyu, ga kuma wani giwan ruwa naɗe a buhu, wanda tsawonsa ya kusa kai ƙirjina. Ban taɓa ganin kifi mai kyansa ba. Yana ta yayyafa masa sauran ruwan gorarsa, shi bai sha ba.

Da ya gan ni sai fuskarsa ta washe. Ya ce, "Alhamdu lillahi! Allah ya kawo bawana. Kunkuru, sauke wa baƙin jakin nan kaya, ubangijinka na da buƙata."

Na ce, "Ashe dokin ƙarfe ma na gurguncewa? Ba shi dusa mana, ko ya tashi."

Ya ce, "Wanga dusar Turawa ya saba ci, ba shi cin irin taku ta matsiyata."

Na ce, "To buga masa ƙararrawa, ƙila barci yake."

Ya ƙyalƙyale da dariya har yana riƙe gwiwa. Ya ce, "Allah wadan bawa mai baki. Yi maza, in na dawo in 'yanta ka."

Ina tsaye, hannuna a kan akumarin baƙin jakin. Na san ƙa'ida. Na san daga nan zuwa Gwandu jaki zai kai shi kafin azahar, kifin kuma zai kai da kyansa. Amma akwai wani lissafi da ya riga ya gama kansa a cikin kaina tun kafin in tsaya: idan ɗanye bai iso gidan nan ba, banda za su nema, kuma banda tana kan jakaina. A ƙarƙashin wannan lissafi kuma akwai abin da ya fi shi muni, wato ina so, sau ɗaya dai a duniya, a jira ƙararrawar nan a Gwandu a ji shiru. Da baƙo ne a wurin, wallahi da ban iya wucewa ba, don ba ni da abin fakewa. Amma taubashina ne, kuma tsakanin taubasai hanawa ma wasa ce. Sai na fake a nan. Na ce, "Bawa ya yi tawaye yau," na ɗaga masa hannu, na kaɗa jakaina.

Yana ta dariya a bayana, don ya ɗauka zan je gaba kaɗan in juyo, kamar yadda shi zai yi mini. Na ji ya buga ƙararrawar sau biyu. Da na yi nisa sai ya ɗaga murya, "Kunkuru! To wasa ya isa hakanan, rana na yi!" Ban waiwaya ba. Da na kai kan tudu sai na ji ya kira ni da sunana na yanka, wanda tun muna yara bai taɓa kirana da shi ba. Sau ɗaya ya kira. Na gangara.

Ban tsaya a rumfa ba, kai tsaye ƙofar gidan walimar na nufa. Na ce wa wakilin gidan kifinsu ba zai iso ba, keke ya karye a daji, amma ga banda mai kyau. Ya dube ni, ya dubi jakai uku da suka iso lafiya, ya dai ce a sauke, don lokaci ya ƙure masa. Suka ɗauke mangala guda. Miyar ta yi daɗi, kuma daga ranar manyan gidajen Gwandu suka san ƙofata. Idan ana neman inda arzikina ya fara tsiro, a nan ne, ba na musu.

Shi kuwa sai bayan azahar wasu masu itace daga wani ɗan ƙauye suka same shi. Ya duba kunnen kifin ya ga ya fara sauya launi, ya san ba zai kai Gwandu ba amma zai ciyu a yanzu. Sai ya ce su ɗauka su kai ƙauyensu. Aka sassare giwan ruwan a bakin masallaci, kowane gida aka kai, tukwane suka hau wuta. An ce yana zaune da kumburarriyar gwiwa yana ba su labarin Kurmi suna ta dariya, kamar ba shi ya yi asarar kayansa da alkawarinsa ba. Kun ga irin mutumin da Allah ya haɗa ni da shi. Na so ya ji kunya, sai ya mayar da ita biki.

Da na koma Kalgo, Kaka na bakin murhu tana juya kifi. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Jakai nawa gare ka ran nan?"

Na ce, "Uku, Kaka."

Ta ce, "Wanne daga ciki ya ce ba shi zuwa?"

Na ce, "Ai wasa ne muke yi. Kin san halinmu."

Ta ce, "Na san wasa, ni na yi renonku. Wasa juyowa yake yi." Ta gyara itace. Can ta ce, "Kai kana ganin abin da ke tsakaninka da ɗan kawunka banda ne, ka jefa a rumbu, duk ran da ka so ka ɗauko. To zumunta banda ce, gaskiyarka, ba ta ruɓa. Amma dariyar da yake yi da kai ɗanyen kaya ce. Ka bar ta a rana tun hantsi. Je ka duba abin da ya saura."

Na je. Yana zaune yana miƙe ƙafar keken da guduma. Na cire hulata na jefa masa a cinya, na ce, "Sarkin Hayaniya, ga bawanka ya dawo." Ya ɗauki hular, ya kaɗe mata ƙura, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya Inna?" Ba fushi a fuskarsa, ba gaba. Gaisuwa ce irin wadda ake yi wa baƙon kirki.

Haka muka zauna shekara da shekaru. Bai taɓa faɗa wa kowa laifina ba, bai taɓa fasa zumunci ba. Aurena yana nan, sunan 'ya'yana yana nan, da Kaka ta rasu kafaɗa da kafaɗa muka ɗauki makara. Ya gyara keken ya ci gaba, har motoci suka fara shigowa suka kashe sana'ar, ya koma kamun kifi kamar ubansa. Ƙarfin nan ya tafi, ƙararrawar ta yi tsatsa, duk yadda Kaka ta faɗa. Ni na tashi daga jakai na koma mota, na gina rumbuna, na je Makka. Na aika masa da hatsi ya karɓa ya yi godiya, godiya mai tsawo, wadda ta fi zagi ciwo. Na tsokane shi a gaban mutane ya fi a ƙirga, ko zai manta ya rama. Sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji ke nan."

Ganina da shi na ƙarshe, ya tsufa, ido ya yi rauni, yana kishingiɗe a ƙofar gida a Kalgo. Na zauna kusa da shi na ce, "Mai mataccen keke, har yau ba ka mutu ba?" Ya ce, "A kawo wa Alhaji tabarma, kada rigarsa ta ɓaci." Muna nan sai ga wani tsoho maƙwabcinsa, masunci, riga duk faci, yana dogara sanda. Tun daga nesa taubashina ya gane takunsa, ya ɗaga murya, "Kai ɓarawon tarwaɗa! Wacce ka sata yau?" Tsohon ya ce, "Uwar garke na sata, makaho, zo ka kama ni." Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe su. Ni ina zaune a kan tabarma, da babbar riga, da mota tana jirana a bakin hanya, ina kallon wannan tsoho mai faci kamar in ƙwace abin da aka ba shi. Ban taɓa ƙyashin wani attajiri kamar yadda na yi ƙyashinsa a ranar ba.

Ya rasu da damina. Har yau idan na bi ta wajen Malisa nakan sami wanda kakansa ya ba shi labarin ranar da mai keke ya ciyar da ƙauye guda da giwan ruwa. Wasu sun ƙara wa kifin tsawo har ya fi mutum. Ba wanda ke ambaton mai jakan da ya wuce, kuma ban sani ba ko rufin asiri ne ko kuwa ban isa a tuna da ni ba. Rumbunana na nan, duk abin da na tara irin wanda ke jira ne, zai ma jira bayana. Jikana na da akwatin da ke hana kifi lalacewa, Allah ya sa masa albarka. Ni dai abin da na sani, ran nan jakai uku gare ni, kuma ɗaya tak ya roƙa.